Alhamis ɗin Masu Jan Kati

Ku yi mini afuwa tun kafin ku fara karantawa. Ni ba marubuciya ba ce. Karatu kawai na iya, shi ma na fi jin daɗinsa in ba mai kallona. Wannan ne labarin farko da na taɓa rubutawa, sau uku ina yaga shi ina sakewa, kuma da ba don Malama Rekiya ta ce ba za ta ƙara ara mini littafi ba sai na kawo mata shi, da har yanzu yana ƙasan akwatina. Yarinyar da ke ciki na sa mata suna Ummulkhairi. Wanda ya ga kamar ya gane ta, don Allah ya rufa mata asiri.

Ummulkhairi tana bayan ɗakin taro tana maimaita jawabinta a ranta, sai ta hangi babanta, Malam Surajo, yana jingine kekensa a gindin darbejiya. Ƙafafunsa ta fara dubawa. Babu caɓi ko kaɗan, farare fat kamar wanda ya fito daga masallaci. Ba ta buƙaci tambaya ba. Yau ma ba a buɗe ruwa ba.

Ranar Alhamis ce, cikin watan Fabrairun 1988, a Kura. Ƙungiyar Hausa ta makarantar 'yan mata da ta makarantar maza sun shirya muhawara, an gayyaci iyaye da jami'in ilimi da wakilin hakimi. Tun watan Disamba rediyo ba ya da labarin da ya wuce na yaran Falasɗinu masu jifan sojoji da duwatsu, shi ya sa malamai suka zaɓi wannan batu: shin abin da ake yi wa Falasɗinawa wariya ce irin ta Afirka ta Kudu, ko kuwa sunansa daban? Ummulkhairi aka ba wa ɓangaren masu cewa wariya ce. Ba don ta iya magana ba. Don ita kaɗai ce ta karance tsofaffin jaridun da ke ɗakin karatu, har waɗanda gara ta ci rabinsu.

Amma ba muhawara ce ta kawo Malam Surajo ba, babban baƙo ya biyo. Alhaji Hambali shi ne shugaban ƙungiyar manoman layin kanal ɗinsu, wato hanyar ruwan da ke shayar da gonakin rani. Da can kowace gona da ranarta ta ruwa, daga ta bakin ƙofa har ta ƙarshe, ba mai shiga ranar wani. Da gwamnati ta hana shigo da alkama, sai Alhaji ya zo daga birni ya karɓi hayar duk gonakin da ke kusa da ƙofar ruwa, ya zama shugaba, mabuɗin ƙofar ya koma aljihun yaronsa Tambaya. Daga nan aka fito da kati iri biyu. Wanda ya ba kamfanin Alhaji gonarsa haya ta shekara uku, a ba shi kore, ya koma ɗan ƙwadago a gonar ubansa, ruwa kullum. Wanda ya ƙi, a ba shi ja, ruwansa ranar Alhamis kaɗai, daga safe zuwa kiran Magariba. Malam Surajo ja gare shi, kuma gonarsa ce ta ƙarshe a layin.

Alhamis biyu da suka wuce Tambaya ya ce ana gyara. Alkamar Malam Surajo kuwa ta fitar da kai, ƙwayar tana madara. Kowane manomi ya sani, in ta ƙara mako guda da ƙishirwa a wannan mataki, ƙaiƙayi za a yanka. Yau tun asuba ya jera bututun robarsa goma sha biyu a gaɓar busasshen kanal, ya zauna har hantsi ya dubi ludayi. Tambaya ya ce shi ba zai taɓa ƙofa ba sai da bakin Alhaji, Alhaji kuma yana Kura. Shi ne masu jan kati su kusan ashirin suka hau kekunansu.

Malam Surajo ya jawo 'yarsa gefe, ya rage murya.

"Ummu, ba ni zan koya miki magana ba, ke kika yi boko. Amma ki faɗi abin da zai yi masa daɗi. In ya miƙo miki kyauta, sai in matsa in ce ai 'yata ce. Mutum ba ya hana ruwa yana cikin dariya."

Ta ce to, Baba.

Da aka buɗe taro da addu'a bayan Azahar, Alhaji Hambali ya miƙe cikin babbar riga mai aska tara. An ba shi minti biyar, ya ci ashirin. Ya ce shi bai ga ma abin muhawara a nan ba. Ya ce ya taɓa zama da wani likita Bafalasɗine a Jidda, mutumin ya nuna masa mabuɗin gidan ubansa da aka kore su daga ciki, ya yi kuka, shi ma ya yi kuka. Ya buga tebur ya ce duk wanda ya raba mutum da ƙasar ubansa, ya hana shi ruwan da Allah ya saukar, Allah ba zai bar shi ba. Ɗaki ya ɗauki amin. Ummulkhairi ta saci kallon bencin baya. Masu jan kati ma amin suka ce, babanta har da shafa fuska. Wata magana ta zo mata baki, ta haɗiye ta.

Ita aka fara kira. Layi biyun farko ba wanda ya ji su, har wani yaro daga ɓangaren maza ya ce a ba ta ruwa ta sha, aka yi dariya. Malama Rekiya ta harare shi, ta ɗaga wa Ummulkhairi kai. Sannu a hankali muryar ta fito. Ta ce a Gaɓar Yamma za ka ga unguwa biyu a kan tudu ɗaya, ɗaya ta 'yan Isra'ila, ɗaya ta Falasɗinawa, hukuma ɗaya ke mulkinsu, amma in ɗan wannan ya yi laifi kotun farar hula za a kai shi, in ɗan waccan ne kotun soja. Ta ce katin shaidarsu daban, lambar motarsu launinta daban, don sojan da ke kan shinge ya san wanda zai tsayar tun daga nesa. Ta ce Bafalasɗine ba ya haƙa sabuwar rijiya a gonarsa sai da izinin soja, izinin kuma da wuya ya fito, alhali maƙwabcinsa yana ban ruwa ga ciyawar ƙofar gida. Ta ce baƙar fatar Afirka ta Kudu da ke yawo da takardar izini a aljihu, in aka karanta masa wannan, ba sai an yi masa tafinta ba.

Alhaji ya fi kowa tafi. Ya juya ya ce wa wakilin hakimi wannan yarinya Allah ya yi mata albarka. A bencin baya Malam Surajo ya gyara zama.

Sai Maharazu ya miƙe, na makarantar maza. Dogo ne siriri, ɗan ƙauyensu ne, babansa na cikin waɗanda suka fara karɓar koren kati. Bai riƙe takarda ba.

"Ni ban ce ba a zaluntar su ba," in ji shi. "Wanda ya ce haka, Allah zai tambaye shi. Amma likitan da ke kiran kowace cuta zazzaɓi, marasa lafiyarsa mutuwa suke yi."

Ya ce a Afirka ta Kudu baƙar fata su ne mafi yawa, kuma doka ce a rubuce ta hana su zaɓen majalisar ƙasa, ta ware musu benci da bayan gida da maƙabarta. Ya ce Larabawan da ke cikin Isra'ila kanta suna jefa ƙuri'a, suna da wakilai a majalisa. Na Gaɓar Yamma da Gaza kuwa, ƙasarsu aka ci da yaƙi aka zauna a kai, wannan sunansa mamaya, kuma maganinsa ɗaya: wanda ya shigo ya fita. Wariya maganinta daban ne, a zauna tare a yi ƙuri'a ɗaya. In ka ba su sunan da ba nasu ba, ka ba su maganin da ba su nema ba. Sannan ya ce mutanen Afirka ta Kudu da jininsu suka sayi wannan suna, bai kamata a ara shi kamar tabarmar biki ba.

Malaman maza suka tafa. Ummulkhairi ta ji haushin yadda maganar ta shiga kanta ita ma.

Ƙa'idar muhawarar ita ce kowa ya yi wa abokin karawarsa tambaya ɗaya. Ta tambaye shi: mamayar da ta shekara ashirin, ana gina gidaje ana haihuwa a ciki, yaushe za a daina kiranta ta wucin gadi? Ya ce ko shekara ɗari ɓarawo ya yi a ɗakinka, ɓarawo ne sunansa, ba ya zama maigida. Aka yi sowa. Nasarar ta hau masa kai, ina jin shi ya sa bai auna abin da ya biyo baya ba. Ya yi murmushi ya ce:

"Malama Ummulkhairi ta ce kati iri biyu da ruwa iri biyu su ne wariya. To a layin kanal ɗinmu akwai kore akwai ja. Ke nan mu ma wariya ake yi a ƙauyenmu?"

Murmushin bai kai ƙarshen tambayar ba. Shi kansa ya ji abin da ya faɗa. Wani malami ya yi tari. Alhaji ya daina kaɗa mafici.

Ummulkhairi ta dubi bencin baya. Babanta ya girgiza mata kai, kaɗan, yadda ita kaɗai za ta gani.

"A'a," ta ce. "Namu ba wariya ba ce. Ba a haifi babana da jan kati ba. Ba soja a ƙofar ruwanmu, ba a karya wa ƙannena hannu. Ba zan haɗa kanmu da mutanen da ke binne 'ya'yansu kullum ba."

Alhaji ya gyaɗa kai, maficin ya ci gaba da motsi. Nan ya kamata ta zauna. Amma idonta ya sake sauka a kan fararen ƙafafun nan da ke ƙarƙashin benci, sai abin da ta haɗiye ɗazu ya dawo.

"Sai dai da na karanta maganar rijiyar nan, ban je na tambayi Malama ma'anarta ba. Alhamis uku ke nan ruwa na wucewa gonar kamfani, tamu tana tsagewa. Mu in babana ya ba da gonarsa, gobe za a canza masa kati. Su kuwa ba abin da za su bayar a canza musu, da shi aka haife su, da shi za su haifi nasu. Shi ya sa na ce nasu wariya ce." Ta numfasa. Muryarta ta koma ƙarama kamar yadda ta fara. "Namu kuma ban san sunansa ba. Alhaji ne shugaba, wataƙila shi ya sani."

Ba wanda ya tafa. Ta zauna, ta ƙura wa yatsun ƙafarta ido. Malama Rekiya ta ɗora mata hannu a cinya.

Alhaji Hambali ya yi dariya, irin wadda ba ta kai ido. Ya ce yaran zamani ke nan, ka biya musu kuɗin alli su zana ka a allo. Ya tambaya 'yar wace ce. Malam Surajo ya miƙe a hankali, hularsa ta karkace, bai gyara ba. Ga damar da ya kwana yana shiryawa ta zo, amma ba ta ƙofar da ya zata ba.

"Au, Malam Surajo, taka ce? Ai da ka faɗa tun tuni. Gobe ka zo ofis a ba ka kore, magana ta ƙare."

Kowa a ɗakin ya san abin da kore ke nufi. Malam Surajo mutum ne da ko akuyar maƙwabci ta shiga gonarsa sai ya ba ta haƙuri kafin ya kore ta. Ya durƙusa kaɗan, ya ce:

"Ranka ya daɗe, na gode. Amma ba kati na zo nema ba. Alhamis ɗina nake roƙo."

"Da namu," in ji Dattijo, wani tsoho mai gona kusa da tasu, bai ko miƙe ba. Ya zaro jan katinsa daga cikin hula, ya ajiye a gwiwa. Na kusa da shi ma ya ce da namu.

Jami'in ilimi ya sunkuyar da kai yana juya biro. Wakilin hakimi ya karkato ya tambayi Alhaji a hankali, wai da gaske ne mako uku? Nan take Alhaji ya rantse shi yau ya fara ji. Ya sa aka kirawo Tambaya daga wajen mota, ya wanke shi tas a gaban jama'a, ya ce shi ne mai ɓata masa suna, shi da ke kuka saboda Falasɗinawa zai hana Musulmi ɗan'uwansa ruwa? Tambaya ya tsaya yana kallon ƙasa, fuskarsa irin ta wanda ya saba ɗaukar kayan da ba nasa ba. Alhaji ya ce ya hau babur yanzu yanzu ya buɗe ƙofa. Aka ji tashin babur. Bencin baya ya cika da godiya da Allah ya ƙara arziki, kai ka ce daga rijiyar gidansa ya ɗebo musu.

Sai Alhaji ya dubi agogonsa. Ya ce ga La'asar ta yi, a yi jam'i tukuna. Bayan salla kuma kada kowa ya tafi, domin ya ji wani daga baya ya ce abin da ake yi a kanal wariya ce, shi kuwa ba zai bar wurin nan da wannan suna a wuyansa ba. Dattawa su zauna, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa, a wanke shi a gaban wakilin hakimi. Ya sa aka sauko da buhun lemo da ƙwaryar goro daga mota.

Ban ce da gangan ya yi ba, Allah ne masanin zuciya. Abin da Ummulkhairi ta gani na rubuta: ya dubi agogon sau biyu.

Bayan salla aka koma ciki. Mutanen da suka yi shekara guda ba wanda ya tambaye su komai, yau an ce su yi magana a gaban manya, wa zai tashi? Dattijo ya ce shi a wajensa wariya ce, ko an ƙi ko an so. Wani malamin Islamiyya ya ce a'a, a ji tsoron Allah, zalunci ne dai amma bai kai can ba. Baban Maharazu ya miƙe ya ce shi ba wanda ya tilasta shi, tsari ne kawai, masu ja ne ke da taurin kai. Aka taso masa. Wani ya ce son kai ne, wani ya ce mamaya ce tunda Alhaji daga birni ya zo ya zauna a kan gonakin mutane, aka yi dariya, Alhaji ma ya yi, ya miƙa masa goro. Malam Surajo, da bai taɓa ɗaga murya a taro ba, yana tsaye yana nuni da yatsa yana cewa a bar shi ya ƙarasa. Alƙalan muhawara suna riƙe da takardar sakamako, sun rasa inda za su sa baki.

Ummulkhairi ta dubi taga. Inuwar darbejiya ta kai katangar makaranta.

Ruwan kanal ba ya hawa gona da kansa. Sai mutum ya dulmiya bututu har ya cika, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya fizgo shi ya ƙetare gaɓa, ya saki, sannan ya fara zuƙa. In ba kowa a wurin, haka zai wuce ta gaban bututu goma sha biyu yana sheƙi, ya faɗa magudana ya tafi. Tun tana aji uku na firamare ta iya wannan. Daga Kura zuwa gonarsu tafiyar rabin sa'a ce ga mai sauri, kuma da an kira Magariba Tambaya zai mayar da kwaɗo. Alhamis mai zuwa kuma a ce ai an buɗe muku, ku ne ba ku zo ba.

Ta so ta ratsa ta taɓa rigar babanta, amma tsakaninsu maza ne cike, kuma in ta miƙe a tsakiyar ɗaki ido ɗari zai sake dawowa kanta. Ta riga ta ƙarar da duk ƙarfin halin da Allah ya ba ta na shekarar nan. Ta lissafa bututun a ranta: nasu goma sha biyu, na Baba Dattijo takwas, sai na gaba da shi in lokaci ya kai.

Malama Rekiya ta matsa gaba tana ƙoƙarin roƙon a yi shiru a faɗi wanda ya ci. Ummulkhairi ta ajiye takardar jawabinta a kan benci, ta danne ta da lemon da aka ba ta. Ta zare takalmanta ta riƙe a hannu don kada su yi ƙara, ta bi bayan 'yan ajinsu a sunkuye har ƙofar baya. Tana fita ta ji muryar babanta a sama da ta kowa, yana cewa shi dai a gaya masa sunan abin.

Ba wanda ya waiwaya. Ta ɗaure bakin mayafinta a ƙugu, ta bi gaɓar kanal da gudu.